Dutsen da Si Larbi ya so

Si Larbi Uhaddu ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi a garin Midelt. Bayan rasuwar matarsa Itto sai ya tare a kan soro da madubin hangen taurari. A watan Maris ya ɗauki hoton wani ɗigon haske da babu shi a taswirar kowa, ya aika wa masana.

Ya san ƙa'idarsu sarai. In dutse ne, irin busassun nan da ke kewaya rana ba hayaniya, wanda ya gano shi ke zaɓa masa suna. In kuwa tauraro mai wutsiya ne, wato curin ƙanƙara da ƙura da ke narkewa idan ya kusanci rana, sunan mai ganowa ake liƙa masa, ko ya so ko ya ƙi. Si Larbi dutse yake so. Tuni ya rubuta "Itto" a 'yar takarda.

Ranar kasuwa Mbarek mai kantin magani, abokin kallon samansa, ya iske shi a wurin shayi, yana haki, da hoto a hannu.

"Tsoho, amsa ta zo!"

"Zauna tukuna, kada ka mace mini a nan."

"Dubi gefensa. Ka ga hazo-hazon nan? Ga 'yar wutsiya. Ƙanƙara ce! Tauraron Uhaddu! Har jarida za ka shiga."

Si Larbi ya daɗe yana kallon hoton. "Ƙila datti ne a gilashi."

"A ƙasa uku masana suka ɗauki hotonsa, duk gilashinsu da datti? Haba malam. Ai sunan gidanku ne, Itto ma ya shafe ta."

"Da sunan ubanta ta shigo gidana, da shi aka kai ta kabari. Ko a katin asibiti ba ta taɓa zama Uhaddu ba."

Mbarek ya ƙara masa shayi.

"Yaushe tauraron zai dawo?" in ji Si Larbi.

"Wai sai bayan shekara ɗari huɗu."

"To, sunan ya dace. Abu mai sanyi, ya leƙo sau ɗaya ya yi gaba. Haka take cewa nake zaman gida."

Ya ninke 'yar takardar ya mayar aljihun jallabiya, ya miƙe.

"Sai ina kuma?"

"Goge madubi. Duwatsu sun fi miliyan a can. Ɗaya nake nema."