Ramuka Bakwai, Ƙara Shida

A garin nan duk wanda ya iya tayar da ƙara artiyero ne: sojan igwa, da yaron da ke zura wa ƙungiyarmu ƙwallo. Amma sunan na Abelino ne tun asali, don shekara ashirin shi ke ɗana nakiya a ramin kwal.

Dokar aikin ɗaya ce. Ka ɗura nakiya a rami bakwai, sai kunnenka ya ƙirga ƙara bakwai kafin ka ce a shiga. To kunnen Abelino ya fara mutuwa, ya ɓoye, don kurma ba ya riƙe nakiya. Wata rana ya ji shida, ya ce wa ransa biyu ne suka tashi tare. Ya ɗaga hannu, alamar a shiga. Amininsa Sekundino ne ya fara shiga, ta bakwai ta tashi da idanunsa.

Aka ce ƙaddara. Abelino ya bar ta a haka, shekara goma sha tara maganar tana cin sa.

Ranar bikin Santa Barbara, waliyyiyar masu nakiya, ya ja makahon zuwa bencinsu na ƙofar coci kamar kullum, ya zuba masa giyar tuffa. Likita ya ce Sekundino ba zai ga bikin baɗi ba.

"Kurman banza, rabin kofi ka zuba min?" in ji Sekundino da ƙarfi. "Ka ɗauka hannuna ma ya makance?"

Abelino bai yi dariya ba. "Mutumina, ran nan shida na ji. Ƙarya na yi."

Bakin Sekundino ya motsa, amma a hankali ya yi maganar, ga samari suna harba tartsatsin wutar biki mai ƙara. Ko kalma ɗaya Abelino bai kama ba.

"Me ka ce? Ɗaga murya, don Allah!"

Makahon ya lalubo hannayen Abelino, ya lanƙwasa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na shida. Sannan ya jawo kansa, ya sa baki a kunnen da ya rage.

"Ni ma shida na ƙirga, ɗan'uwa. Sai na ga ka ɗaga hannu, na ce kunnen artiyero ya fi nawa."

Abelino ya so a ce zaginsa ya yi. Sekundino kuwa kofinsa ya miƙo.

"Cika min, mana."