Salatif a Fiffiken Jirgi

Wata takwas ke nan Malam Zarami bai taka ko bakin kasuwar Nguru ba. Iyakarsa masallacin unguwa, shi ma sai an tayar da salla yake shiga, liman na sallamewa ya sulale. Ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, hannunsa na dama ne ya fara rawa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran jiragen sojan sama, yau kofin shayi ma sai ya tallabe shi da hannu biyu. Ranar da ya kwarara wa wani baƙo lemo a babbar riga a wurin ɗaurin aure, mutane suka yi ta "ba komai, ba komai," daga ranar ya shige gida ya ja ƙofa.

Likita ya ba da magani, ya ce abin na shekaru ne, ba ya kisa. Matarsa Kaltum dai ba ta yarda ba. A ganinta kisan yake yi a hankali, don mutumin da a da in yana ba da labari a zaure har kicin ake jin sa, yanzu ya koma daga "to" sai "a'a". Abin yana cin ta ƙwarai, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa sai 'yarsu Sharifa, wadda ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Gashuwa.

Ita Kaltum mai lalle ce. Kusan duk amaryar da aka kai a unguwar nan cikin shekara ashirin, a tabarmarta ta miƙe ƙafa, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Malam bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa tsayawa ya kalli yadda ake yi ba. A wurinsa aiki shi ne wanda ake yi da sifana, sauran duk hira ce da mata suka samo wa suna.

Wata Asabar Sharifa ta zo da kwali a jaka, ta durƙusa ta ajiye a gaban mahaifinta. A jikin kwalin akwai hoton jirgin yaƙi mai fentin kore da ruwan ƙasa.

Ta ce, "Baba, ɗalibaina ba su taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, sai dai su ji ƙararsa a sama. Wannan na roba ne, gunduwa-gunduwa yake zuwa, sai an haɗa. Ka haɗa mini shi, ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata ka zo ka yi musu bayani da bakinka."

"Da wane hannun?" in ji shi.

Sharifa ta tashi ta shiga wurin uwarta. Ta koma Gashuwa da yamma, kwalin yana nan inda ta bar shi. Kaltum ta share ɗakin sau biyu, tana kewaye shi da tsintsiya kamar ba ta gan shi ba. A rana ta uku tana wanke-wanke ta ji ƙarar yage leda, sai kuma ta ji yana magana shi kaɗai: "Wannan ai irin namu ne." Ta yi hamdala a ranta, ta ci gaba da dirzar tukunya.

Daga nan falo ya zama gareji. Ya karɓi abin yanke farcenta yana cire gutsattsarin daga jikin firam ɗinsu, ya goge bakin kowanne da samfefa, ya jera su a faranti bisa lambobin da ke takardar da ta zo cikin kwalin. Ya gano cewa in ya kafa gwiwar hannunsa a tebur, ya danne tsintsiyar hannun da na hagu, rawar tana raguwa har ya iya ɗiga gam da tsinken sakace. Kujerar matuƙi, wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, kwana biyu ta ɗauke shi. Sau uku tana tsalle ta shige ƙarƙashin kujera, sau uku Kaltum na rarrafe da tocilan, yana daga sama yana ba ta umarni kamar ita ta jefar.

Ba ta damu ba, ai umarnin ma magana ce. Har ya fara yi mata bayanin abin da ba ta tambaya ba: nan iska ke shiga, nan mai ke zama, waɗanda suka yi takardar nan sun manta wani ɗan bututu da ke ƙarƙashin fiffike. Ya sa ta tsinko masa siririn waya daga tsohuwar caja, ya lanƙwasa ya maƙala da kansa. Cikin mako biyu jirgi ya tsaya da ƙafafunsa, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, ya sha fentin ruwan ƙasa tun daga hanci har wutsiya.

Saura koren. Shi ne fentin ɓad-da-kama, wanda ake yi dabbare-dabbare a kan ruwan ƙasan, kowane da iyakarsa. Nan fa dabarar kafa gwiwar hannu ta ƙare, domin layi ba ɗigo ba ne, sai an ja buroshi. Ranar Lahadi da hantsi ya ja na farko, ya fito a karkace. Ya ja na biyu don ya gyara, hannun ya fizge, kore ya haye murfin gilashin da ke rufe matuƙi.

Kaltum tana tsakar gida tana kwaɓa lalle ta ji shiru ya yi yawa. Ta leƙa ta tarar ya mayar da jirgin cikin kwali, fentin ko bushewa bai yi ba, shi kuma ya kwanta a doguwar kujera ya juya wa ƙofa baya.

Ya ce, "Ki kira Sharifa ki ce ba zan zo ba. Ta nemi wani."

Ta san in kwalin nan ya rufu, ba jirgi kaɗai zai rufu ba. Ba ta kira kowa ba. Ta ciro jirgin ta kai haske, ta juya shi ta sake juyawa, sai ta ga abin ma ai ba baƙo ba ne a wurinta. Wuri ne ake so launi ya kama, wani wurin kuma kada ya kama. Abin da take yi ke nan tun Sharifa na goye.

Ta ce, "Malam, in na gyara maka iyakar, za ka shafa?"

"Ba na son a yi mini. In ke za ki yi, ki je ki yi musu bayanin."

"Ni ban ce zan taɓa fentinka ba. Salatif zan sa maka."

Ya ɗago kai ya dube ta. "Salatif na ƙafar amare?"

"Shi fa. Ka taɓa ganin amarya ta zauna shiru? Ga kuka, ga waya, ga ƙawaye na ja. Amma ka taɓa ganin lallena ya karkace? Ba hannu ke yin layi ba, salatif ke yi. Hannu shafawa kawai yake."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ita kuwa ta daɗe da sanin wannan shirun izini ne. Ta aika kemis aka sayo sifirit, ta naɗa auduga a tsinke ta goge koren da ya ɓaci, har gilashin ya dawo tas. Washegari ta ɗauko guntun tayil ɗin da take yanka a kai da sabuwar reza, ta shimfiɗa salatif a kai. Kafin ta liƙa kowane yanki sai ta fara manna shi a zaninta ta ɓare, sau biyu.

"Wannan kuma na mene ne?" Yanzu ya taso ya zauna, wai don ya ga ɓarnar da za a yi.

"Don ya rage kamu. Mai laushin fata in ka liƙa mata kai tsaye, wurin cirewa sai ta tsine maka. Fentinka na ƙasa ma haka zai ɗago."

Can ya ce, "Haka ne," da muryar wanda aka karɓe wa wani abu.

Ya miƙa mata takardar da ke nuna inda kore zai zauna, ta karɓa da ladabi ta danne ta da kwanon lalle don kada iska ta ɗauke. Kaltum ba ta taɓa yin zane daga takarda ba, ba kuma a kan jirgi za ta fara ba. Ta kalli hoton kwalin sau ɗaya, ta ga lanƙwashe-lanƙwashe ne, ta ce a ranta wannan ai ko mai koyo. Ya tafi sallar azahar, ita kuma ta yanka ta liƙa, ta bi sandunan gilashin da 'yan siraran yanka, ta naɗe sauran jikin da leda kamar yadda take naɗe ƙafa. Fiffike ɗaya kawai ta bari a buɗe.

Da ya dawo ta ba shi guntun soson katifa a maimakon buroshi. "Dangwala ka ɗana. Duk inda ya faɗa daidai ne."

Hannun ya yi rawarsa son ransa. Ya ɗana kore a kan salatif, a kan leda, har a kan yatsanta da ke riƙe da wutsiya. Ya gama na dama ta rufe ta buɗe masa na hagu, sannan gadon bayan. Suka ajiye shi a inuwa, suka zauna suna jira, shi yana ta tambayar ko ya bushe, ita tana cewa wanda bai iya jira ba ba ya ganin jan lalle mai kyau a gidanta.

Bayan la'asar ta sa bakin reza ta ɗago kan salatif ɗin farko, ta ce shi ya ja. Ya ja a hankali. Layi ya fito sumul, kore a gefe, ruwan ƙasa a gefe, babu inda ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Ya ja na biyu, ya ja na uku. Ita kuwa ta kawar da kai ta shiga tattara leda.

Da aka cire na ƙarshe ya ajiye jirgin a ƙasa, ya miƙe tsaye ya dube shi daga sama. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ta sa sai da ya dafa bango.

"Kaltum, gidan miji za mu kai shi?"

"Me ya faru?"

"Dubi dama, dubi hagu. Iri ɗaya sak!"

"To da fa? Ninka salatif ɗin na yi na yanka tare. Wa zai yi wa mutum ƙafa ɗaya daban, ɗaya daban? Ai sai a ce ban iya ba."

Ya zauna yana share ido, ya yi mata bayani. Shi wannan fenti an yi shi ne don ya rikita idon wanda ke kallo daga sama, kada ya gane siffar jirgi. In dama ta yi daidai da hagu, ai ka zana masa jirgin ke nan ka ce ga shi. Kunya ta kama Kaltum har ta ji zafi a fuskarta. Ta jawo kwalbar sifirit ta ce a goge na hagun, akwai sauran kwana biyu.

Ya riƙe kwalbar. "Bar shi haka. Zan ajiye musu a tebur in ce akwai kuskure ɗaya a jikinsa, su nemo. Wanda ya gano, shi ya fahimci darasin." Ya ɗan yi tunani. "Ki duba mini farar shaddar nan ko tana buƙatar guga."

Ta tashi ta shiga ɗaki da sauri, don kada ya ga fuskarta.

Ranar Laraba suka jiƙa 'yan tambarin jirgin da suka zo cikin kwalin a ruwa, ita ta zame su a kan fiffike da tsinke, shi yana cewa matsa gaba, dawo baya kaɗan. Alhamis da sassafe suka shiga motar Gashuwa, kwalin a cinyarsa, ya hana a sa shi a but. Kafin su kai Jajimaji ya buɗe shi sau biyu yana nuna wa wani mai sayar da awaki da ke gefensa, wanda bai tambaya ba.

Sharifa ta tarye su a bakin get, ta shiga da shi aji. Kaltum ta ƙi shiga, ta tsaya daga waje jikin taga. Ta ga ya ɗaga jirgin sama, jirgin yana karkarwa a hannunsa, wasu 'yan baya suka fara ƙus-ƙus. Shi kuwa ya dubi hannun, ya dubi ajin, ya ce, "Kada ku damu, iska ce ta yi masa yawa. Matuƙin ƙwararre ne." Aji ya kwashe da dariya, ya ajiye jirgin a tebur ya ce su matso.

Wata yarinya mai tabarau ce ta gano kuskuren, bayan maza sun gama rantsuwa cewa a taya yake. Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Aka buga ƙararrawar tara, ba wanda ya motsa. Yana ta bayanin yadda iska ke ɗaga ƙarfe, yana yi da hannu biyu, muryarsa har ajin da ke maƙwabtaka, sai da malamin can ya leƙo ya ga ko lafiya.

Sharifa ta fito ta sami uwarta rana ta cim mata a jikin taga, gumi na bin wuyanta.

"Mama, zo mu je ofis ki zauna, akwai fanka. Baba in ya fara ba yanzu ba."

Kaltum ta goge ido da bakin mayafi, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Bar ni a nan. Ina jin sa."