Tururin da Ba a Gani

Auta tana hawa na biyar a ginin tukunyar tururi, a durƙushe tana cika kwalba da ruwan gwaji, lokacin da ƙarar ta tashi. Rana ta take tsaka. Wani irin fito ne siriri mai tsini, ya ratsa abin toshe kunnen da ta sa, ya shige mata har cikin haƙora. Kwalbar ta suɓuce daga hannunta, ta faɗa ta ramin ragar ƙarfen da take tsaye a kai, ba ta ko ji saukarta ba.

Gwajin ruwa ne aikinta a tashar lantarkin. Yayanta, wanda yake makaniki a wurin tun tana makaranta, shi ya sa kowa ya kama kiranta Auta kamar a gida, kuma in yana son tsokanarta sai ya ce ai ita da mai sayar da ruwa duk ɗaya ne, ita dai ta fi shi farar riga. Amma ya san nauyin aikin. Tashar gaba ɗaya a kan ruwa take tsaye. Wutar gas ce ke dafa shi a cikin bututu har ya zama tururi, a sake gasa tururin har ya bushe ƙayau, zafinsa ya wuce wanda ke narka dalma. Daga nan a sake shi da ƙarfi ya bugi fukafukan babbar farfela, farfela ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin wayar jan ƙarfe, lantarki ya fita zuwa gari. In gishiri kaɗan ya shiga ruwan, sai ya riƙa cin bututu ta ciki. Abin da Auta take tsaro ke nan. Famfon gwajin ƙasa ne ya toshe ranar, shi ya sa ta hau sama.

Ta san wannan ƙarar, ko da yake ba ta taɓa jin ta ba. Makon da ta kama aiki an gaya musu: in bututu ya huje, busasshen tururi ba ya fitowa fari. Ido ba ya ganinsa sai ya yi nisa ya huce. Kusa da hujin kuwa yana yanka kamar wuƙa. In ka ji fiton, ka tsaya inda kake.

Ta miƙe a hankali. Matattakalar sauka tana can hagu da ita, ga jan fentin hannun ƙarfenta tana gani, gudu kaɗan ne ta kai. Tsakaninta da matattakalar babu komai, fili ne fetal. Can sama kusa da rufi wani farin gajimare yana taruwa, amma ba ta iya cewa ga inda yake fitowa. Ƙarar kuwa ta kowane ɓangare take zuwa.

Oba-obar da ke ƙugunta, rediyon da ma'aikata ke magana da juna, tana ta walƙiya. Ta cusa ta ƙarƙashin abin toshe kunne, ta danne da tafin hannu.

"Auta! Auta, kina ji na?" Muryar Oga ce, shugaban masu kula da injuna, kamar daga cikin rijiya.

"Oga, ina na biyar! Zan sauko!"

"Kada ki sauko! Kada ki ɗaga ko ƙafa ɗaya. Ina kike tsaye?"

"Bakin famfo. Ga matattakala nan kusa, wallahi ina ganinta."

"Na ce kada ki motsa. Mun kashe wutar gas, mun buɗe bawul ɗin sama mai fitar da tururi. Matsin yana sauka."

"To yaushe zai daina?"

"Tukunya ce, Auta. Ko an kashe wuta ba nan take take hucewa ba. Ki riƙe ƙarfe, ki tsaya."

Ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu. Girgizar da ta saba ji a tafin ƙafarta kullum, girgizar farfela, ta soma yin sanyi, alamar an tsayar da injin. Fitilun ginin suka mutu, ƙananan fitilun ko-ta-kwana suka kama. Sai ga ruwa yana ɗiga daga rufi, mai ɗumi da farko, daga baya mai zafi, yana sauka a kan hular kwanonta da bayan wuyanta. Iskar wurin ta yi nauyi. In ta ja numfashi sai ta ji kamar ta kifa fuska a kan tafasasshen ruwa.

Ta so ta yi addu'a, ta kama wannan ta saki, ta kama waccan ta manta tsakiyarta. Ƙafarta ta hagu ta fara rawa ita kaɗai. Tsoronta shi ne kada rawar ta gusar da ita ko da taƙi ɗaya ne, don ba ta san ko abin yana wucewa ta gefen kafaɗarta ba. Ta matse gwiwar hannunta a jiki, ta ƙanƙance kanta iya yadda za ta iya. Can ta saki hannu ɗaya ta danna oba-oba.

"Oga, numfashi yana yi min wuya."

"Na sani, muna ganin zafin wurin yana hawa. Ba za mu jira ya huce ba. Yayanki yana zuwa."

"A'a! Ku hana shi!"

"Ya riga ya ɗauki tsintsiya. Mutum uku sun kasa karɓe ta."

Ba a daɗe ba ta ga hular kwano ta ɓullo a kan matattakala. Yaya ne, riƙe da tsintsiya mai doguwar ƙota, ya miƙa ta gabansa iya tsawon hannunsa don laluben tururin. Yana kaɗa ta sama, ya kaɗa ta ƙasa, ya kai ta dama da hagu, sannan ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ya sake kaɗawa, ya sake takawa. Da ba ta san dalili ba, da ta ce mahaukaci ne yake sharar iska. Bai dube ta ba ko sau ɗaya, idonsa yana kan bakin tsintsiyar.

Ya kusa rabin hanya, ya ɗaga tsintsiyar daidai ƙirjinsa, sai kan tsintsiyar ya ɓace. Auta ba ta ga abin da ya taɓa ta ba. Ta dai ga tsinkayen sun watse sun yi sama, ƙotar ta fizge har ta kusa kuɓuce masa, abin da ya rage a hannunsa guntun sanda ne mai baƙin baki. A daidai wurin da ta so ta bi da gudu ne.

Sai a lokacin ya ɗago kai. Suka dubi juna. Bakinsa yana motsi, ba ta jin komai. Ya ɗaga tafin hannu ya nuna mata ta tsaya, ya ja da baya a kan sawunsa, ya sauka matattakalar ya ɓace.

Nan ne ta fashe da kuka. Ta san ba zai tafi ya bar ta ba, amma sanin bai kai ga cikinta ba. Ta yi ta kiran "Yaya! Yaya!" ba ta jin muryar kanta. Oba-oba tana walƙiya, ta kasa sakin ƙarfen ta ɗauka. Gumi da ruwan rufi suka cika mata ido. Gajimaren ya sauko har ta daina ganin jan fentin matattakala. Ta ji kanta yana juyawa, ta ce a ranta in ta faɗi, ta wane gefe za ta faɗi?

Wani abu ya taɓa mata ƙafa ta baya. Ta yi zumbur, Allah ya so ba ta saki ƙarfen ba. Riga ce a ɗaure a bakin sanda. Yaya ya zagayo ta bayan tukunyar, ya hau ta tsanin ƙarfen da makanikai suke bi, ya cire rigar aikinsa ya ɗaura a guntun ƙotar yana gwada hanya da ita. Ya manna bakinsa a kunnenta.

"Hanyar baya lafiya lau! Taho!"

Ta gyaɗa kai, amma hannuwanta suka ƙi buɗewa. Ta dube su kamar na wani. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannunta a kan bel ɗinsa.

"Inda na taka, nan za ki taka!"

Haka suka tafi, riga tana gaba tana lilo, shi yana bin riga, ita tana bin shi. A wani lungu matsattse rufin wani bututu ya yage, ƙarfen yana tsirara. Ya juya ya kare ta da jikinsa har ta wuce. Ta ji ya yi wani irin tsalle, amma bai tsaya ba. A bakin tsanin ya sa ta fara sauka, yana bin ta daga sama. Da ƙafarta ta taɓa siminti a ƙasa, sai ta zauna daɓas a cikin ruwa. Mutane suka ɗauke ta suka yi waje da ita.

A ɗakin shan magani na tashar ne ta ga hannunsa. Daga gwiwa zuwa wuyan hannu fatar ta saɓule inda bututun ya taɓa shi. Nas tana wankewa, shi yana cije baki.

"Ke kuwa me ya kai ki sama?" ya ce da ƙarfi, kamar yana kiran wani a tsallaken titi.

"Famfon ƙasa ne ya toshe!" ita ma da ƙarfi.

"Me?"

"Don Allah ku daina yi min ihu a ka," in ji nas ɗin. Babu wanda ya ji ta a cikinsu.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta samu natsuwa ba. Kunnenta yana ta ƙugi, kuma wani tsoron ya maye gurbin na farko: ko ruwanta ne ya ci bututun? Ko wani gwajin ya wuce ta ba ta lura ba? Ba ta gaya wa kowa ba, abinci ma sai ta tura shi da ƙyar. Sai da masu bincike suka yanko guntun bututun, Oga ya kira ta ofis ya ajiye mata shi a kan tebur. Cikinsa fes, babu alamar gishiri. Tsohuwar walda ce ta gaji da zafi da sanyi, ta tsage. Ya nuna mata hujin da bakin biro. Bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ta daɗe tana kallon hujin. "Wannan ne kawai?"

"Shi ke nan," in ji Oga.

Mahaifiyarsu ba ta san komai ba sai da aka kwana biyu. A ranar da abin ya faru ta bugo waya da yamma, suna zaune a ɗakin maganin, Yaya ya ɗauka da hannunsa mai lafiya.

"Wai ku me kuke yi ne a wurin nan?" in ji ta. "'Ya'ya biyu gare ni a tashar wuta, amma tun rana babu wuta, ina zaune ina fifita da murfin kwano. Maƙwabta har sun fara tambayata."

"Ana gyara ne, Mama!"

"To me ya sa kake min tsawa? Ba ni Auta."

Auta ta karɓi wayar. Ta buɗe baki za ta gaishe ta, sai kuka ya taso mata, ta ja hanci. Yaya ya zare mata ido, yana girgiza kai.

"Auta? Mura kike yi?"

"E, Mama," ta ce. "Mura ce."