A Cire Biyu

Magini yana jan igiyar awo a tsakar gida lokacin da Auta ta baje takardunta a kan keken ɗinkin Umma. Gobe za a yi musu gwaji a makarantar koyon kwamfuta, ga shi lissafin sabnet, wato raba hanyar sadarwa guda zuwa ƙanana, ya ƙi zama a kanta.

"Karanta da ƙarfi," in ji Umma, allura a bakinta, "ko na daina jin muryar mutumin can."

"Adireshi ɗari biyu da hamsin da shida ne, Umma. In an raba huɗu, kowane ɓangare ya tashi da sittin da huɗu. Amma kwamfuta sittin da biyu kaɗai ke samu."

"Sauran biyun fa? Malamin naku ya cinye?"

"Kullum sai an cire biyu. Na farko shi ne sunan ɓangaren. Na ƙarshe kuma da shi ake kiran kowa a lokaci guda. Ba a ɗora na'ura a kansu."

"Oh. Suna da aiki, ba su da mazauni ke nan."

Umma ta cire allurar, ta daɗe tana neman kafarta.

Gidan na Kaka ne. Mahaifin Auta ya tafka kuskuren da ba a yafewa: ya riga mahaifinsa rasuwa. Yanzu da Kaka ya bi shi, 'yan'uwan mahaifin nata huɗu sun amince, cikin zumunci abin koyi, a tsaga gidan huɗu. Ɗakin Umma kuwa igiyar magini ta bi ta tsakiyarsa.

"Auta!" Baffa ya ƙwala kira daga waje. "Kira mana kowa."

* * *

An yi taro mai kyau. Baffa, wanda shi ne babba, ya yi jawabi a kan haƙƙin marayu har muryarsa ta yi rawa.

"Maman Auta, ki kwantar da hankalinki. Ke tamu ce gaba ɗayanmu."

"Na gode, Yaya. To, a ɓangaren wa zan sa gadona?"

Baffa ya dubi mai bi masa. Shi kuma ya dubi na gaba, yana lissafo yawan 'ya'yansa. Na uku ya tuna cewa matarsa na da hawan jini. Ƙaraminsu ya duƙufa a kan wayarsa.

"Za mu zauna a kai," in ji Baffa. Aka tashi.

* * *

Tambayar ta fito a gwajin. Auta ta rubuta: daga ɗaya zuwa sittin da biyu, ban da sifili na farko, ban da sittin da uku na ƙarshe. Malam ya duba ta kafaɗarta ya ce, "Yauwa, yanzu kin gane."

Da ta dawo, ta tarar da keken ɗinkin a soro, katifarsu a naɗe a jikin bango. Umma na zaune tana ɗinke rigar makarantar ɗan Baffa.

Wata mota ta tsaya a ƙofa, shaƙe da bulo. Direban ya leƙo.

"Sannu, Mama. Nan ne gidan mai ɗinki?"

"Nan ne," in ji Umma. "Shiga da su."

Daga ciki muryar Baffa ta taso: "Auta! Bulo ya iso. Kira mana kowa."

Ta ajiye jakarta a kan katifar, ta shiga.