Motar Ƙarshe da Ta Sauko Daga Layinmu

Shekarar da kamfaninmu ya karye, aka rufe masana'antar ƙera motoci ta garinmu a jihar Michigan. Mun yi abin da aka saba: motar ƙarshe da ta sauko daga layin haɗa motoci, kowa ya rubuta sunansa a jikin ƙarfenta. Mu dubu da ɗoriya. Abokina Cleon kaɗai ya ƙi.

Shekara ashirin da shida muna ɗaura ƙofofi ni da shi, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Matarsa Verna, mai ɗinkin kujerun mota a masana'antar, ta miƙa masa alƙalami.

"Haba Cleon, rubuta mana."

"In sa hannu a kan korata? Allah ya sawwaƙe!" Ya suri kwanon abincinsa ya fice.

Kamfani ya farfaɗo, ya koma wata jiha, irin motarmu ma ya daina ƙera ta. Ita kuwa motar aka kai ta gidan tarihin gari. Har yau ina kewar ƙarar layin nan, ni da na yi ta tsine mata.

Bara Verna ta rasu. Cleon ya bi ya rame. Ran nan sai ga shi a ƙofata da alƙalami a aljihun riga.

"Delbert, tashi ka raka ni. So nake in sa sunana kusa da nata."

"Yanzu? Bayan shekara goma sha biyar? Tsohon banza."

"Ka gama? Ɗauko hularka."

Da muka isa gidan tarihin, mai kula da wurin, wata matashiya, ta ce, "Yi haƙuri Baba, ba a taɓawa."

Nan fa raina ya ɓaci. "'Yata, ƙofar nan da kike gadi, hannun nan ne ya ɗaura ta!"

Ta dubi Cleon, ta ga yadda yake tsaye, sai ta ɗauko makulli. Ta buɗe but ɗin bayan motar, ta ɗaga shimfiɗa. Sunaye birjik, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Cleon ya sa tabarau yana bi da yatsa, can ya tsaya.

Rubutun Verna ne, karkatacce kamar kullum. A ƙasan sunanta ta ƙara: "Da Cleon. Fushi yake yi, zai huce."

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya mayar da alƙalamin aljihu.

"Delbert," ya ce, "matar nan ba ta taɓa jirana ba."