Ƙarar Safiya a Motar Auta

Motar Auta ba abin nuna wa baƙo ba ce. Ƙarama ce, fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Amma injinta kam, dole a sara masa. Silinda uku gare shi, lita ɗaya cak, bai fi mutum ya rungume shi da hannu biyu ba, ga shi ya ci kilomita dubu ɗari biyu da saba'in ba a taɓa kwance kansa ba. Shekara tara yana kai ta asibitin da take aikin jinya yana dawo da ita. Duk abin da ya taɓa nema bai wuce kwayil ɗaya na wuta da ya mutu ba, da famfon ruwa da ya fara ɗiga, sai filogi in lokacinsu ya yi. Fetur kuwa lasa kawai yake yi. Babanta ne ya zaɓa mata motar, shi da ya shekara arba'in da biyar yana kanikanci, kuma tun ranar ya ce mata kar ta dubi jikin, injin suka saya.

A watan nan ne injin ya tsiro da sabuwar ɗabi'a. In ta tada shi da safe sai ya yi wani kar-kar-kar na daƙiƙa uku, sannan ya yi shiru ya kama aikinsa. Ta kai motar garejin gidansu ta bar ta ta kwana a can, don a ji ƙarar da safe injin na sanyi.

Tana shirin tafiya Yayanta ya ja ta gefe. Shi ne babba a cikinsu, shi ke riƙe da garejin yanzu.

"Auta, kunnen Baba ya tafi," ya ce. "Shekaranjiya wata mota tana ja da baya ta kusa take shi. Direban na ta danna hon, ko waiwaye bai yi ba. Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki gaya masa daga Litinin ya zauna a gida."

"Yaya, ka san in aka raba shi da wurin nan kwanciya zai yi."

"Na sani. To amma bakaniken da ba ya jin inji, me ya rage masa?"

Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma mutum ne da in ya yanke magana sai ya nemi wanda zai faɗa a madadinsa. Ta koma gida da nauyin saƙon, tana jin haushinsa, tana kuma jin cewa yana da gaskiya.

Washegari ta iso da wuri. Baba na zaune a bencinsa na bakin ƙofa, inda motoci ke shiga da fita, sifanoninsa na rataye a ƙusoshi daga ƙarami zuwa babba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Sai yau ta lura ba idonta yake kallo ba, bakinta yake kallo.

Yaya ya riga ya jona na'urarsa ta gano matsalar inji a motar. Ya ce na'urar ba ta nuna komai ba, amma shi ya san wannan ƙarar. "Sarƙar taimin ce ta saki, wadda ke daidaita bugun injin. Ciwon irin waɗannan injinan ke nan in sun tsufa. Sai an kwance gaban injin gaba ɗaya. Ni da za ki ji tawa, a sauke shi a sa wani." Ya yi mata nuni da ido wajen Baba, wato ta je ta isar da saƙo.

Ta je. Ta buɗe baki, sai ta ji wata magana daban ta fito.

"Baba, zo ka saurara mini motata."

Tana faɗa ta ji kunya ta lulluɓe ta. Ta ce wa wanda ba ya ji ya zo ya saurara, a gaban ɗansa. Baba bai nuna komai ba. Ya miƙe, ya jawo aljihun benci, ya ɗauko wani dogon sukundireba mai mariƙin katako. Ya dafa murfin injin ya tabbatar da sanyinsa. Sannan ya ɗora tsinin sukundireban a gaban injin, wajen da sarƙar take, ya sunkuya. Da can a kunne yake kara mariƙin. Yau sai ya sa shi a baki ya cije, ya rufe ido, ya ɗaga mata yatsa.

Ta murɗa makulli. Kar-kar-kar, sannan shiru.

Bai motsa ba sai da injin ya ɗauki zafi. Ya matsar da tsinin zuwa kan silinda ta farko, ta biyu, ta uku, kowacce ya cije ya jira. Ya sa ta taka totur, ta saki, ta sake takawa. Auta na leƙensa ta ƙarƙashin murfin da aka ɗaga, tsoho mai shekara saba'in da ƙarfe a baki, rawar injin na bin haƙoransa, sai ta ji ƙaunarsa ta cika mata ƙirji.

Ya miƙe ya goge baki. "Sarƙar nan lafiyarta lau," ya ce, da ɗan ƙarfi, yadda yake magana a 'yan shekarun nan. "Da ta saki, da na ji ta tana kaɗawa ko da injin ya yi zafi. Wannan girgizar kuma da kuke gani ba ciwo ba ce, haka mai silinda uku yake rawarsa tun daga kamfani."

Ya sa aka kashe motar. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya lakato da yatsa, ya murza, ya bar ɗigon ya yi ta jan jiki kafin ya faɗi.

"Wa ya zuba mata wannan zumar?"

Yaya ya matso, ya tsaya inda Baba zai ga bakinsa. "Ni ne, wancan watan. Na ga ta tsufa, na sa mata mai kauri. Kai ka koya mini, Baba. Ka ce tsohon inji sai mai mai kauri."

"Ni na koya maka, ban musa ba. Amma a kan waɗanne injina? Na da, masu hanyar mai da za ka iya zura yatsa. Wannan hanyoyinsa sirara ne kamar jijiya. Abin da ke ɗaure sarƙar da ƙarfin mai yake aiki. Da safe man naka ya yi nauyi, kafin ya rarrafo ya iso, sarƙar ta yi daƙiƙa uku ba mai riƙe ta. Ita ce take kiran ku." Ya ƙwanƙwasa murfin zuba mai da farce. "Ga lambar man da yake so a rubuce a kansa. Shekara tara yana ɗauke da ita, ba wanda ya karanta sai ni."

Yaya ya sunkuya ya karanta, ya sosa ƙeya. Da kansa ya shiga ramin ƙarƙashin motar ya tsiyaye man, ya sa sabuwar filta, ya zuba mara kauri. Baba ya ce ba a yanke wa wannan ciwon hukunci da rana, sai motar ta sake kwana. Auta ta shiga motar haya ta tafi aiki, saƙon na nan a bakinta ba ta faɗa ba.

Da safe su uku suka tsaya a kan motar. Ta murɗa makulli. Injin ya tashi sumul, ya zauna a kan 'yar rawarsa, ba ko ƙyas. Baba ya dubi fuskarta, ya dubi ta Yaya, ya ga amsar. Duk da haka sai da ya cije sukundireban ya tabbatar da kansa, don shi ba ya karɓar aiki a fuskar mutum.

Ya ajiye sukundireban a gefen injin. Ya zura hannu a aljihu ya fito da makullin akwatin kayan aikinsa.

"To Auta, faɗi abin da aka aiko ki. Tun jiya nake ganinsa a bakinki." Ya miƙa wa Yaya makullin. "Motar nan ta rannan ban ji ta ba, gaskiya ne. Ba sai kun wahalar da yarinya ba."

Yaya bai karɓa ba. Hankalinsa na kan sukundireban. Ya ɗauke shi yana juyawa, Auta ta matso ta duba. Mariƙin katakon duk tabon haƙori ne, wani kan wani. Na jiya fari ne, amma akwai waɗanda suka yi zurfi, baƙin mai ya shige su har sun yi santsi.

"Baba, tun yaushe?" Yaya ya tambaya, a hankali, yana buɗe baki sosai.

"Shekara shida."

Auta ta tuna motocin da suka shiga garejin nan a shekara shida, da mutanen da ke tahowa daga nesa suna cewa tsohon nan kunne gare shi. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Yaya ya ajiye sukundireban. Sannan ya je ya kama bencin Baba, ya yi ta ja yana nishi, har ya kai shi jikin bangon ciki, inda mota ba ta bi, ya juya shi yana fuskantar ƙofa. Ya dawo ya naɗe yatsun Baba a kan makullin. Ya goge mariƙin sukundireban da gefen rigarsa, ya ɗora tsinin a kan injin Auta da ke ta aikinsa, ya tsaya inda tsohon zai ga bakinsa.

"Baba, a ina ake cizawa?"