Ɗinkin Bahaguwa

Duk wanda ya san Dawur Samb a Ngor, garin masunta da ke bakin teku, bakinsa ya fara sani kafin sunansa. Muƙamuƙinsa ya karkace zuwa hagu, haƙoran gaba huɗu babu, in yana magana sai ka matso. Bindigar harbin kifi ce ta yi masa haka shekara ashirin da suka wuce, a ƙarƙashin ruwa, ranar da ƙotarta ta rabu da gangar jikinta, katakon ya dawo masa a fuska da duk ƙarfin robar da ya ɗana. Tun daga ranar bai sake nutso ba. Ya kafa rumfa a bayan inda ake jan kwale-kwale, ya koma sassaƙa wa 'yan nutso bindigogi, kuma ya zama mai wuyar sha'ani a kan abu ɗaya, wato ƙota. Shi ba ya haɗa ƙota da ƙusa. Daga gungume ɗaya yake fitar da jiki da ƙota, in kuwa dole sai an haɗa, to da ƙarfen da ba ya tsatsa, ya ratsa katakon ya fito ta ɗaya gefen inda ido zai riƙa ganinsa. Matasa suna yi masa dariya, wai Dawur ya fi likita bincike. Su yi ta yi, haƙoransu na nan cif a bakinsu shi ya sa suke da abin yin dariyar.

Bindiga ɗaya ce a duk garin ta gagare shi, kuma a gidansu take. Ta mahaifinsu ce, ƙanensa Libas ya gaje ta. Irin ta dā ce, ƙota daban jiki daban, ƙusa biyu ke riƙe da su. Ranar da Libas zai fara nutso, mahaifiyarsu Yay Ngone ta karɓo laya, ta ɗora a kan ƙotar, ta naɗe da fatar akuya, ta ɗinke da hannunta da zaren gyaran koma. Fatar ta rufe mahaɗar gaba ɗaya. Yau shekara goma sha tara ba wanda ya ga katakon da ke ciki, Yay Ngone kuma shekararta uku a kabari.

Wata Laraba da hantsi Libas ya shigo rumfar neman sabuwar roba. Dawur ya karɓi bindigar, bai ko kalli robar ba, ya kama ƙotar ya murɗa. Ta motsa. Ba da yawa ba, amma ta motsa, har da wata 'yar ƙara a can ciki.

"Yaushe ta fara wannan?"

"Tun bara. Gaisuwa ce take yi maka, Yaya, ka amsa mata mana."

"Libas, katakon nan ya ruɓe. Fata ruwa take riƙewa, shekara nawa tana shan gishiri? Bari in farke in duba, kafin azahar na gama."

Libas ya fizge bindigarsa yana dariya. Mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan surutu, wanda in ya harbo babban kifin nan da ake kira cof sai duk bakin tekun ya ji labari kafin kifin ya daina motsi.

"Ka farke ɗinkin Yay? Kai ko? Wallahi sai dai ka farke ni. Shekara goma sha tara ina shiga ina fita, ko ƙaya ba ta soke ni ba. Kai da ba a ɗinka wa taka komai ba, ga bakinka nan."

"To ɗauki waccan, sabuwa ce, gungume ɗaya. Na ba ka."

"Ba wa masu yawon buɗe ido. Kuma kwantar da hankalinka, ni ba mahaukaci ba ne. Motsin nan shi ke ja mini birki. Kowa ya koma roba uku saboda kifi ya yi wayo ba ya matsowa, ni kaɗai nake kan biyu kamar tsohuwa. Ranar da ta daina rawa a hannuna, ka ga aiki."

Dawur ya ji wannan maganar da kunnensa. Wannan shi ne abin da ya fi cin ransa daga baya, domin ba zai taɓa cewa ba a gaya masa ba.

Ran Juma'a Libas ya tafi Yof wajen sunan ɗan abokinsa. Da la'asar sai ga matarsa Aram a bakin rumfa, da bindigar naɗe cikin tsohon zane. Aram ba mai yawan magana ba ce, kifi take sayarwa a bakin hanya, kuma ta san ƙarar abin da ya kusa karyewa.

"Yaya Dawur, ga ta. Ba zai dawo ba sai bayan magariba. Ka farke, ka gyara, ka mayar da ɗinkin. In ya gane, ni na kawo, ni zan ji da shi. 'Ya'yana uku, ba na son in riƙa tauna wa ubansu abinci."

Ta ajiye ta tafi, ta ce za ta dawo kafin rana ta faɗi.

Dawur ya ɗora bindigar a kan benci, ya wasa 'yar wuƙarsa, ya juya ƙotar yana neman inda zai fara. Bai taɓa kallon ɗinkin a kusa haka ba. Yay Ngone bahaguwa ce, duk ɗinkinta kwance yake ta ɗaya gefen, kuma a ƙarshe takan yi ƙulli biyu ta ciza zaren da haƙori. Ga ƙullin nan. Ga ma inda ta yi kuskure ta koma baya ta sake bi. Rigunan da ta ɗinka masa sun yage tuntuni, komar da ta gyara teku ta cinye, ɗakinta an rushe an yi bene. A duk duniya wannan ne kawai aikin hannunta da ya saura, kuma ba shi aka yi wa ba, Libas aka yi wa. Ya ɗora bakin wuƙar a kan zaren farko. Sai ya ji hannunsa ya mutu, ya zauna a kan gungume ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izarta.

Mai sana'a in ya kasa yin abin da ya kamata, ba ya zama haka kawai, sai ya nemi wani abin ya yi don hannunsa ya rufe masa baki. Dawur ya ɗauko igiyar roba mai ƙarfi, irin wadda ake ɗaure ƙugiya da ita, ya fara naɗewa a kan fatar. Ya ja da dukkan ƙarfinsa, zagaye bayan zagaye, tun daga gindin ƙotar har bayan kunama, ya ƙone bakin igiyar da ashana ya manne. Ya kama ya murɗa. Ko gezau. Ya gaya wa kansa cewa na kwana biyu ne, kafin ya lallashi Libas.

Da Aram ta dawo ta ga ɗaurin, ta tambaya, "Ka buɗe?"

"Na gyara," in ji Dawur, yana share benci.

"Cikin fa? Da sauƙi?"

"Je ki, kada ya riga ki gida."

Ta yi masa godiya har da rusunawa. Ya so ya kira ta, amma ta riga ta sha kwana.

Asabar da Lahadi teku ta yi fushi, ba wanda ya fita. Ran Litinin ruwa ya kwanta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Dawur na goge wani katako sai ga Njaga, abokin nutson Libas, wanda ciwon kunne ya hana shi fita ranar, da tasa bindigar a kafaɗa.

"Malam likita, ni ma a yi mini irin ɗaurin Libas. Tun jiya ya hana mu sakat, wai yayansa ya mayar masa da tsohuwa budurwa. Da safe ma roba uku ya ɗana mata, ya ce yau sai cof ɗin duwatsun Almadi sun yi bayani."

"Uku?"

"Uku, sababbi fil. A Wakam ya saya, wai in ya zo wajenka wa'azi za ka yi masa."

Dawur bai san lokacin da ya watsar da katakon ba. Ya bi ta tsakanin kwale-kwale da gudu, mutumin da rabonsa da gudu tun yana da haƙora, yana neman duk wanda injinsa ke kusa ya kai shi duwatsun Almadi. Bai kai ga samu ba. Daga bayan tsibiri wani kwale-kwale ya ɓullo, a guje, an ƙure injinsa, alhali ba wanda ke dawowa kafin azahar in dai lafiya. Matan da ke gyaran kifi suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya.

Libas na kwance a cikin jirgin, an naɗe masa kai da riga, rigar ta jiƙe sharkaf. Waɗanda suka tsamo shi suka ce ya miƙa hannu ya auna, ya danna kunama, sai gangar bindigar ta tsinke daga ƙota ta dawo ta fasa gilashin fuskarsa. Allah ya sa akwai mutum kusa da shi, ba don haka ba da can ƙasa zai zauna. Hannunsa na dama har yanzu a dunƙule yake, da ƙotar a ciki. Da ƙyar Dawur ya ɓamɓare yatsun. Igiyarsa na nan yadda ya naɗa ta, ko zagaye ɗaya bai kwance ba.

Bayan an wuce da Libas asibiti, Dawur ya koma rumfa da ƙotar. Wannan karon hannunsa bai yi gardama ba. Ya yanke igiyar, ya bi ɗinkin Yay Ngone zare bayan zare ya farke. Katakon ciki baƙi ƙirin, yana marmashewa a yatsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ƙusoshin biyu tsatsa ta cinye su sun koma siririn tsinke. Layar kuwa lafiya lau, tsohuwar ta shafe ta da kakin zuma, ko ɗigon ruwa bai shige ta ba. Da ya cire ta ran Juma'a, ya ɗora a kan sabuwar ƙota, ya mayar da fatar, da aikin bai wuce awa ɗaya ba.

Sai da aka kwana biyar aka bar Dawur da sauran dangi suka ga Libas sosai. Idon dama, wanda yake auna kifi da shi, an cire. An ɗaure muƙamuƙin da waya. Aram na zaune a bakin gado da kofin kunun gero, tana ɗura masa da ƙaramin cokali ta gefen baki, rabi na shiga rabi na zuba a tsumma. Dawur ya tsaya daga ƙafar gadon ya kasa matsowa. Libas ya juyo da idon da ya saura, ya yafito shi da yatsa. Muryar da ta fito ta tsakanin wayoyin, Dawur ya san ta, irin tasa ce.

"Yaya. Mun zama tagwaye."

"Yi shiru, kada ka wahalar da bakin."

"Kada ka sa wa ranka komai. Ni na ƙara roba. Ɗaurinka bai motsa ba, wallahi, kamar dutse." Ya huta, ya haɗiye miyau da ƙyar. "Da na ga igiyar raina ya ɓaci, na ce shi ke nan ka farke. Sai na ɗaga bakinta kaɗan na leƙa, na ga ɗinkin Yay yana nan, ƙullinta biyu. Na ce Yaya ɗan halak ne, bai buɗe ba. Na gode da ba ka taɓa ba."

Cokalin ya tsaya a hannun Aram. Ba ta kalli mijinta ba, Dawur ta kalla, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ɗaga murya ba, don kada marar lafiya ya firgita.

"Yaya Dawur, ba ka buɗe ba?"

Dawur ya sunkuyar da kai. Aram ta juya, ta goge wa mijinta haɓa da tsumman, ta sake ɗebo kunun.